Kekunana Biyu, da Wanda Za Ka Saya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka Malbaza lafiya, ka iske kawunka da iyalinsa lafiya, ka kuma fara aikin izin, wato masana'antar siminti, cikin sa'a. Allah ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na hanya da na mutum. Mu nan lafiya muke. Labarin gida za ka ji daga bakin mai kawo takardar nan, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Ana gobe za ka tafi, innarka ta same ni ina alwala, ta ce kana tambaya wane irin keke ya kamata ka saya, tunda gidan kawunka da nisa daga wurin aiki, kuma kana son ka riƙa leƙo mu ranar Lahadi. Na ce mata, "Ya sayi mai ƙarfi." Iyakar abin da na faɗa ke nan, na ci gaba da wanke ƙafa. Tun da motarku ta tashi abin yake damuna. Mutum ya yi rabin rayuwarsa bisa sirdi, ɗansa ya nemi shawara, ya sallame shi da guntuwar magana ta bakin uwarsa. Ka san halina, bakina ba ya buɗewa gabanka. Kai ne na fari, sunan mahaifina kuma gare ka, ko sunan naka ban taɓa kira ba. To, takarda ba ta da ido, zan faɗa mata abin da na kasa faɗa maka. Kekuna biyu na mallaka a duniya, kuma duka biyun na yi kuskure a kansu.

Lokacin da aka ɗauke ni aiki a buro, wato ofishin bisashe na Illela, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kai kuma ba ka shiga lakwal, makarantar boko, ba tukuna. Da ƙafa nake zuwa daga garinmu, in dawo da ƙafa, sai ranar da za a fita rugage yi wa shanu allura a ba mu doki. Da na yi niyyar sayen keke na tafi Konni. A can na ji wani Bature malamin makaranta zai koma ƙasarsu, yana sayar da kayansa. Na je na ga keken jingine a baranda. Shuɗi ne mai haske, tayoyinsa sirara kamar yatsa, hannuwansa sun lanƙwaso ƙasa kamar ƙahon rago, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Ban tambayi kowa ba. Abin da na gani a zuciyata kawai shi ne yadda mutanen buro za su leƙo ta taga in na iso.

Sun kuwa leƙo. Da rana na kai shi wurin Arzika mai faci, wanda ke zama gindin itacen bedi a bakin kasuwar Illela, don ya ƙara mini iska. Ya zagaya shi, ya matsa tayar da babban yatsa, ya ce, "Malam Sha'aibu, wannan ina za ka da shi?"

Na ce, "Gida da buro."

Ya ce, "Ta hanyar da na sani, ko wata sabuwa aka yi muku?"

Na ce masa hassada ke damunsa. Ya yi dariya, ya ɗauko famfonsa, sai bakin famfon ya ƙi shiga bakin tayar. Ya ce, "Ka gani, ko iskarmu ba ya sha."

Babana, keken nan na fi tura shi da hawansa. Kan fako yana gudu kamar tsuntsu, amma fakon namu nawa yake? Da an gangara cikin rairayi sai tayar ta nutse, in sauka in kama shi muna tafiya tare kamar mai jan akuya. Inda babu rairayi kuma akwai tsidau, ƙayarsa ba ta barin siririyar taya ta wuce. Na riƙa isa buro a makare, rigata jiƙe, hannuna baƙi. Da tayar baya ta ƙare aka nema Illela babu, Konni babu, aka tambaya har Sakkwato aka ce ba irin nasu ba ne, sai dai Yamai. Damina guda keken ya yi rataye a zaure, ni kuma na koma tafiyar ƙasa, ina wuce masu tsofaffin baƙaƙen kekuna, ko in ce suna wuce ni, suna yi mini sannu.

Saboda haka kafin ka saya, ka taka hanyar da ƙafarka, daga ƙofar kawunka har ƙofar izin. Ka duba inda rairayi yake, inda tsakuwa take, inda ruwa ke kwanciya. Sannan ka tsaya da safe ka ga irin keken da ma'aikatan da suka daɗe suke hawa, ba samari sababbin ɗauka ba. Ka je wurin mai facin da ya fi kusa da gidanku, ka gaishe shi, ka dubi tayoyin da ya rataye da sarƙoƙin da ke cikin akwatinsa. Keken da kayansa ke wurin mutumin nan, shi ne kekenka. Taya mai faɗi, ƙarfe mai nauyi, hannuwa a miƙe yadda za ka zauna bayanka a tsaye. Kada nauyin ya tsorata ka. Hawa za ka yi, ba ɗauka ba.

Na biyun baƙi ne, irin na Ingila da ake shigowa da su ta iyaka. A wannan na ji maganar Arzika, tare muka je Konni ranar kasuwa. Amma ko a nan ban bar halina ba. Akwai gajere akwai dogo, na nuna dogon. Arzika ya ce, "Tsallaka shi ka tsaya mu gani." Na tsallaka, sai da na yi ɗage da yatsun ƙafa sannan na taɓa ƙasa. Ya ce, "Ya fi ka." Na ce ai dogon ya fi kwarjini. Tsawonmu ɗaya da kai, ka san ba mu cikin dogaye. Shekara da shekaru ina miƙa ƙafa ina neman feda, ina karkata dama da hagu bisa sirdi. Wannan gwiwar da kake gani ina dafa ƙasa kafin in tashi daga sallah, keken nan ne ya bar mini ita. Ka tsallaka naka ka tsaya, tafin ƙafarka biyu su zauna ƙasa, sandar tsakiya ba ta taɓa ka ba. In mai sayarwa ya ce za ka saba, ka ce masa mahaifinka ya saba, ga shi yana ɗingishi.

In ba sabo za ka saya ba, ka yi hattara da sabon fenti. Ka shafa hannu a mahaɗar ƙarfe, ƙarƙashin sirdi da wuyan keken, ka ji ko an yi walda an rufe. Ka ɗaga shi ka juya kowace ƙafa, ka ga ko tana rawa. Birki kuma kada ka yi wasa da shi. Ni na daɗe ina tsayar da keke da diddigen takalmi saboda ganda, amma ni da jakuna nake haɗuwa a hanya. Kai da manyan motocin siminti za ka haɗu, ga gangaren duwatsu. Birki biyu, ƙararrawa, da fitila. In ka ji mota bayanka ka sauka gefe, ba a gardama da ita.

Yanzu zan faɗa maka abin da ya fi waɗannan duka nauyi a wurina.

Baƙin keken nan da kariya ya zo, ta ɗaura kaya a baya, mai faɗi, mai ƙarfi, wadda za ta ɗauki buhu ba ta lanƙwasa ba. Ban yi wata da shi ba mutanen gari suka gano amfanina. Kafin in fito da safe akwai mai jirana a ƙofa. Wannan a sayo mata kananzir, wancan a kai masa wake kasuwa, wata tsohuwa a sauke ta likita. In dawo da yamma da galan da ƙunshi kamar ɗan aike. Raina ya riƙa ɓaci. Ina ganin ni ma'aikacin buro ne, mai farar riga, ba jakin gari ba. Wata rana na je wurin Arzika na ce ya cire kariyar.

Ya ce, "Mi ta yi maka?"

Na ce, "Ƙara take yi."

Ya jijjiga ta, ba ta ce komai ba. Ya dube ni, ya ɗauko sifana ya kwance ta, ya jefa ƙarƙashin bencinsa, ya ce, "Tana nan ranar da ka so ta."

Na samu sauƙin da nake nema. Duk wanda ya tare ni sai in nuna masa bayan keken, in ce ka gani, babu wurin ɗaurawa. Mutane suka daina tsayawa ƙofata. A lokacin daɗi na ji.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Tajaye cewa Baffa Idi, ƙanen mahaifina, yana kwance. Shi da mahaifina kaɗai suka rage cikin ɗakinsu. Tsoho, kakanka, lokacin ƙafa ta fara gaza masa, masallaci ma da sanda yake zuwa. Ya kira ni bayan la'asar, ya ce, "Sha'aibu, ina son ka ɗauke ni bisa abin hawan nan naka mu tahi in ga Idi."

Na ce, "To, Baba. Sai dai babu kariya. Bari in sa a mayar, ranar Lahadi mu tafi."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Maƙwabcinmu ya yi masa tayin jaki, ya ce a haɗa shi da mai rakiya su bi a hankali. Tsoho ya ƙi. Ya ce ɗansa zai kai shi bisa keke. Innarka ta ce mini har a masallaci ya faɗa, yana murmushi, shi da bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa.

Satin nan kullum ina wuce Arzika safe da yamma, kullum ina cewa gobe. Babu abin da ya hana ni sai ni. A ƙasan raina ina tunanin in kariyar ta dawo, masu kananzir ma za su dawo. Asabar ta zo, na tsaya bakin kasuwa, aka ce Arzika ya tafi biki wani gari, ya kwashe kayansa ya kulle. Lahadi da safe na iske Tsoho zaune a zaure, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, goro a ƙunshe cikin ganye bisa cinyarsa. Na tsuguna na faɗa masa. Na ce ko in ɗora shi bisa sandar gaba. Ya dubi sandar, ya dubi ƙafafunsa, ya girgiza kai. Jakin maƙwabci kuma tun asuba ya tafi gona mai nisa.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini. Ya miƙo mini goron, ya ce, "Kai ka tahi. Ka gaishe shi. Ka ce ƙafa ta hana ni, amma ina nan tafe."

Na tafi ni kaɗai, keken ba nauyi, kafin rana ta yi zafi na isa. Na shiga ɗakin da Baffa Idi yake kwance, na yi sallama. Ya amsa, amma ba ni yake kallo ba, ƙofa yake kallo bayana. Na gaishe shi, na ajiye goron, idonsa na nan kan ƙofa. Can ya ce, "Wana fa? Yana cire takalmi ne?"

Na ce, "Baffa, ƙafa ta hana shi. Ya ce yana nan tafe."

Ya ce, "An ce mini ka yi keke."

Na ce, "Na yi."

Ya juya fuskarsa bango.

Litinin da sassafe na sa Arzika ya mayar da kariyar, innarka ta naɗe tsohon bargo ta ɗaura a kai don Tsoho ya ji taushi. Muka sa ranar Lahadi mai zuwa. Kafin ta zo mai saƙo ya iso daga Tajaye. Na ɗauki Tsoho bisa kariyar dai, muka tafi, amma gaisuwar mutuwa muka je. Duk tsawon hanyar hannunsa na riƙe da rigata ta baya. Da muka kusa gari ya ce, "Ashe ba nisa." Har ya koma ga Allah bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba shi haƙuri ba.

Na san kwanan Baffa Idi ya ƙare, ba kariya ce za ta ƙara masa ba. Amma ganawarsu tana hannuna, na kuwa hana su ita don kada a aike ni kananzir. Ka sayi mai kariya, Babana, ka duba ta fi komai ƙarfi. Za a dame ka, matar kawunka za ta aike ka, maƙwabta za su tare ka. Wani lokaci ka ce a'a da bakinka in ba ka iyawa, wannan ba laifi ba ne. Amma kada ka gyara abin hawanka yadda ba zai ɗauki kowa ba sai kai.

Da na ce daga nan na yi hankali, da na yi maka ƙarya. Kariya ta dawo, na ɗauki buhu, na ɗauki galan, na ɗauki tsofaffi da majinyata, har wata rana ɗan maraƙi na ɗauko daga ruga. Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗauka ba, kai ka san ko wane ne.

Ranar Lahadi in na gama karyawa sai in goge keken in fita. Wani sati Konni wurin abokai, wani sati kallon kokawa, wani sati kawai in bi hanyar gonaki in ga yadda gero ya yi. Babu abin da na fi so a rayuwata kamar wannan fitar, bayan ruwa ya sauka, ƙasa ta daddale, iska na bugun fuska. Ina so kai ma ka samu wannan, kada ka bar keke ya zama na aiki kaɗai. Amma ni kaɗai na ci daɗin. Kana tsaye bakin zaure kana kallona, ka wanke ƙafafunka, ka sa 'yar rigarka. Ina ganinka. Na san abin da kake jira. Sai in ce a raina mutane za su ce Sha'aibu ba ya kunyar ɗan fari, yana yawo da shi a gari kamar Bature. In kawar da kai in hau. Ƙannenka na ɗauke su, kai ban ɗauke ka ba. Ko taɓa ƙararrawar ka yi sai in ce innarka ta hana ka.

Ban sani ba ko ka tuna ranar da kake koyon keke a filin bayan kasuwar Illela. Kuna lakwal lokacin, kai da abokanka kun samo wani kwararrabe na haya marar birki. Na fito daga buro na hango ku. Ka zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda kana tuƙawa a karkace, wani na riƙe da sirdi, ya sake ka, ka tafi kaɗan ka faɗi cikin tsakuwa. Ka tashi gwiwarka na jini. Ka ɗaga kai muka haɗa ido. Ga ni bisa keke mai lafiya, mai birki biyu. Na juya na bi wata hanya. Da yamma innarka na wanke maka ciwon tana tambaya, ka ce faɗuwa ka yi wurin wasa, ni kuma ina zaune ina ji, na yi kamar ban san komai ba.

Kunyar ɗan fari al'adarmu ce, ban ce a yar da ita ba. Tsoho ma bai taɓa kiran sunan yayata ba. Amma na tuna shi yana sassaƙa mata 'yar kujera da hannunsa, ya ajiye inda za ta gani. Shi ya san yadda ake kunya ba a yi rowa ba. Ni na haɗa su biyun, na kira su da suna ɗaya. In Allah ya ba ka iyali, ka ɗora ɗanka na fari bisa keken nan tun ƙafarsa ba ta kai ko'ina ba, ka ce ya buɗe ƙafafu kada wayar taya ta kama shi, ka zagaya da shi gari. Mai magana ya yi. In ya isa koyo, kai za ka riƙe masa sirdi. Fenti zai kankare, ƙararrawa za ta karye, duk ana sayar da su a kasuwa.

In za ka zo gida, ka taso da sassafe tun rana ba ta yi ba. Ka riƙe gorar ruwa, famfo, da kayan faci, ka kuma koyi yin facin da hannunka kafin ka fara doguwar tafiya, don tsakanin Malbaza da nan akwai inda za ka yi nisa ba ka ga mutum ba. Kada ka yi tsere da kowa. In hadari ya taso ka tsaya garin da ka samu, ba a tsallaka ƙorama da keke a ka. In kuma gajiyar aiki ta yi yawa ka huta abinka, kada ka zo don kunya.

Amma ranar da za ka fara zuwa, ka aiko a faɗa mini. Zan fito bakin gari, wajen rijiya, in jira ka. Ni gwiwa ba ta barina hawa yanzu. In ka ga dama ka tsaya, in zauna bayanka, ka shiga da ni gari ta gaban masallaci.

Ka gaishe da kawunka da mutanen gidansa, ka yi musu biyayya. Ka riƙe sallah a kan lokacinta ko kana tsakiyar hanya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka abin hawa mai alheri, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, ya sa ka fi mahaifinka hankali. Abin da na gaza maka, ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sha'aibu